Tambayi Likita: Keken da Ke Motsa Shanyayyun Ƙafafu da Lantarki, Me Yake Yi wa Jiki?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita, Allah ya ƙara basira. Maigidana ɗan kasuwar albasa ne, shekarunsa 41. Shekara biyu da suka wuce ya yi hatsarin mota a hanyar Illela, ƙashin bayansa ya karye a tsakiyar gadon baya, likitoci kuma suka ce lakarsa ta taɓu. Tun daga ranar bai sake taka ƙafarsa ba, amma hannuwansa lafiya lau suke. Abin da yake damuna shi ne cinyoyinsa da ƙwaurinsa sun tsotse sun koma kamar sillen kara, cikinsa kuwa sai ƙara girma yake yi. Da aka auna shi a asibiti nauyinsa bai bambanta sosai da na kafin hatsarin ba, har ƙanensa yana cewa wannan alama ce jiki yana nan daram. Kwanan nan ɗanmu ya nuna mana wani bidiyo a Facebook, inda wani Bature mai irin wannan lalura yake zaune a kujerarsa, an manna masa wayoyi a cinya, ƙafafunsa suna tuƙa keke. Tun daga nan maigida ya ƙwallafa rai a kan keken, har yana maganar sayar da fadamarsa don a kawo masa shi daga waje. Likita, gaskiya ne abin nan ko siddabaru? Zai mayar masa da naman ƙafarsa, ya kuma rage tumbin? Zai iya sa ya tashi ya yi tafiya? Daga wata mai karatu, Mabera, Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba maigida lafiya, ya sa kaffara ne, ke kuma ya ba ki ladan jinya. Abin da kuka gani ba siddabaru ba ne, kuma ba sabon abu ba ne a asibitocin gashin ƙashi na ƙasashen waje, inda ake kiransa FES a taƙaice, wato sa shanyayyar tsoka ta yi aiki ta hanyar lantarki.

Tsoka ba ta motsi sai an aiko mata da saƙo, saƙon kuwa ɗan ƙaramin lantarki ne da yake tasowa daga ƙwaƙwalwa, ya bi ta laka, ya shiga jijiyoyin da suka ratsa cinya har zuwa tafin ƙafa. Idan laka ta tsinke a tsakiyar baya, saƙon ba ya wucewa, amma ɓangaren lakar da ke ƙasa da raunin da jijiyoyin da suka fito daga gare shi suna nan da ransu, kamar gidan da wayoyinsa suke lafiya amma babbar wayar da ke kawo wuta unguwar ta yanke. Wanda ya taɓa kama minjirya a gulbin Rima ya san cewa lantarkin da ya zo daga waje yana sa hannu ya ƙanƙame ba da son mai hannun ba. Wani likita ɗan Italiya mai suna Luigi Galvani ya wallafa irin wannan a 1791, bayan ya ga ƙafar mataccen kwaɗo tana zabura idan lantarki ya taɓa jijiyarta. A farkon shekarun 1980 ne Jerrold Petrofsky na Jami'ar Wright State da ke jihar Ohayo a Amurka ya haɗa wannan hikima da kwamfuta da keke domin masu raunin laka.

Ana manna wasu 'yan faifai masu danƙo a kan fata, galibi a wurare uku a kowace ƙafa, wato gaban cinya da bayan cinya da mazaunai. Akwai abin da yake sanar da kwamfutar inda feda take a kowane lokaci, ita kuma sai ta aika wa tsokar da ya kamata ta tura a daidai wannan gaɓar da bugun lantarki, kimanin sau 30 zuwa 50 a daƙiƙa, sannan ta sake ta ta koma kan ta gaba. Yawanci fedar tana zagayawa sau 35 zuwa 50 a minti, kuma akwai mota a jikin keken wadda take karɓar aikin idan tsokar ta gaji. A nan ne ya kamata mai kallon bidiyo ya yi hattara, domin akwai kekunan da mota ce kawai take juya ƙafar, ba tare da tsoka ta yi komai ba. Waɗannan suna taimakawa wajen sassauta gaɓoɓi, amma ba sa gina nama.

Sai maganar ƙanen maigida, wadda na fi so in daɗe a kanta, domin kuskuren da ya yi shi ne wanda kusan kowane gida yake yi. Sikeli jimla kawai yake faɗi. Ba ya bambanta tsoka da kitse da ƙashi da ruwa, kamar yadda buhu biyu za su iya zuwa nauyi ɗaya alhali ɗaya gero ne zalla, ɗayan kuwa rabinsa tsakuwa. Tsokar da aka daina aika mata da saƙo tana fara zubewa tun a makonnin farko, kuma a cikin wata shida cinyar mai cikakken raunin laka takan rasa kaso mai yawa na namanta. Gurbin da tsokar ta bari kitse ne yake cike shi, wani a ƙarƙashin fata, wani a tsakanin zaren tsokar kanta kamar yadda ake ganinsa a naman rago mai ƙiba, wani kuma, wanda ya fi kowanne illa, a kewayen hanji da hanta. Ƙashi ma yana bin sahu. Da zarar ya daina ɗaukar nauyin jiki da jan tsoka, sai ya riƙa zubar da sinadarinsa da sauri a shekara ɗaya zuwa biyu na farko, musamman a ƙarshen ƙashin cinya da saman ƙashin ƙwauri, wato sama da ƙasan gwiwa, inda asarar takan kai kusan rabi bayan 'yan shekaru. Shi ya sa ake samun mai wannan lalura ya karye a wajen ɗaga shi daga gado zuwa kujera, ko a wajen sa masa wando, ba tare da ya faɗi ba.

Tsoka ita ce babbar murhun jiki, ita take ƙone mafi yawan sugan da ya shiga jini bayan cin abinci. Idan ta ragu, abin da jiki yake ƙonewa a zaune yakan ragu da kimanin kashi 14 zuwa 27 cikin 100 idan aka kwatanta da mai lafiya, ga shi kuma zirga-zirgar kasuwa da ta gona ta tsaya. Amma kwanon tuwo bai ragu ba, hasali ma ƙaruwa yake yi, domin a al'adarmu duk wanda ya zo dubiya da fura ko lemo ko tsire yake zuwa, mai jinya kuma ba ta jin daɗi sai ta ga an cinye. Wannan ne ya sa ciwon suga da cututtukan zuciya suka fi saurin kama masu raunin laka. Akwai ma'aunin da likitoci suke yi ta hanyar haɗa nauyi da tsawo, wanda a wajen mai lafiya sai ya kai 30 ake cewa ƙiba ta zama cuta, amma masu bincike sun ba da shawarar a sauko da shi zuwa 22 ga mai raunin laka, saboda a nauyi ɗaya shi ya fi tara kitse nesa ba kusa ba. Saboda haka nauyin maigida da bai canja ba, alhali ƙafafunsa sun tsotse, yana nufin abin da ya bar cinya ya samu magaji a wani wuri. Sai dai in yi wa tumbin adalci: ba dukansa ne kitse ba. Rauni a tsakiyar baya yana shanye tsokar ciki ita ma, sai bangon cikin ya saki ya turo gaba, ko da mutum bai ƙara ƙiba ba.

A kan tsoka, amsar tambayarki ita ce e, kuma nan ne hujja ta fi ƙarfi. A wani bincike da aka yi a Danmak aka wallafa a 1997, mutum 10 masu raunin laka sun tuƙa irin wannan keke na minti 30 har sau uku a mako tsawon shekara guda, naman cinyarsu ya ƙaru da kashi 12 cikin 100. A wani kuma da aka wallafa a 2008, wanda aka gudanar a Suwizalan da Birtaniya, mutum 11 sun yi atisaye mai nauyi, kusan sa'a guda kimanin sau huɗu a mako na shekara ɗaya, faɗin tsokar cinyarsu ya ƙaru da kimanin kashi 35 cikin 100. A 2021 wasu masana sun tattara bincike 92 da suka shafi mutum 999, suka kuma sami cewa lafiyar tsoka ce amfanin da ya fi tabbata. Tsokar ba girma kawai take yi ba, tana kuma ƙara jure gajiya, tana ƙara iya jan suga daga jini, jini yana ƙara gudana a ƙafa, mazaunai kuma suna samun ɗan matashin da zai kare fata daga ƙashi, abin da yake da muhimmanci ga wanda yake wuni a zaune yana fargabar gyambon kwanciya.

A kan ƙashi hujjar ba ta kai haka ba. A binciken Danmak ƙarfin saman ƙashin ƙwauri ya ƙaru da kashi 10 cikin 100, amma da aka rage atisayen zuwa sau ɗaya a mako na wata shida, sai ya koma inda ya fito. A na 2008 an ga ƙaruwa a ƙarshen ƙashin cinya, daidai inda tsokar da ake motsawa take ja, ba a ko'ina ba. Wasu binciken masu gajeren zango kuwa ba su ga wani canji ba.

A kan tumbi, kada ki sa rai sosai. Ƙarfin da shanyayyar ƙafa take bayarwa a kan keken kaɗan ne, a wajen mutane da yawa bai kai wat 20 ba, alhali mai lafiya yana ba da wat 100 ba tare da ya yi haki ba. Dalili shi ne lantarkin waje ba shi da dabarar ƙwaƙwalwa. Ita ƙwaƙwalwa karɓa-karɓa take sa zaren tsoka su yi, wasu suna aiki wasu suna hutawa, shi kuwa faifan da aka manna zare guda yake ta bugu har su gaji. Abin da rabin sa'a a kan keken yake ƙonewa kwalbar lemo ɗaya ko biyu ta isa ta mayar da shi. Wasu bincike sun ga kitse ya ɗan ragu, musamman na cikin tsokar ƙafa, wasu ba su gani ba. Zai ma iya yiwuwa bayan wata shida sikeli ya nuna maigida ya ƙara kilo ɗaya ko biyu, ya zama tsoka ce ta dawo, wanda kuma ci gaba ne. Ragin tumbi a madafinki yake fiye da a kan keke: a rage malmalar tuwo da yawan shinkafa, a cire suga daga shayi da fura, a bar lemon kwalba, a yawaita wake da kifi da ƙwai da zogale da rama, domin tsokar da ake son ginawa tana bukatar abin gina jiki.

Tafiya kuwa, ba zan yaudare ki ba. Keken ba ya haɗa lakar da ta tsinke. Ƙafar tana motsi ne muddin na'urar tana kunne, da an kashe ta sai ta koma yadda take. Christopher Reeve, ɗan wasan Amurka da ya faɗo daga kan doki a 1995 ya karya wuya, yana cikin waɗanda suka sa duniya ta san wannan keke. Yana da kuɗi da ƙwararrun likitoci, ya yi shekaru yana atisaye, ya samu ɗan motsi a yatsa da ƙarin ji a fata, amma bai yi tafiya ba har ya rasu a 2004. Wanda lakarsa ba ta tsinke gaba ɗaya ba, yana da sauran ji ko ɗan motsi a ƙafa, shi ne atisayen zai iya ƙarfafa masa abin da ya rage. Allah mai iko ne a kan komai, amma a matsayina na wanda aka tambaya, abin da aka gani a jikin mutane shi zan faɗa.

Ra'ayina game da fadama shi ne kada a sayar. Waɗannan kekuna dubban daloli ne, wasu sun haura dala dubu 10 kafin kuɗin dako da na kwastan, faifan da ake mannawa suna ƙarewa sai an riƙa sayen sababbi, idan kuma wani abu ya lalace a cikin kwamfutar ba a bakin kasuwa za a gyara shi ba. Sannan amfaninsa na haya ne, ranar da aka daina biya da atisaye sai ya fara komawa. Gidan da ya sayar da hanyar abincinsa saboda abin da sai an yi ta yinsa har ƙarshen rayuwa ya shiga matsala biyu. Akwai hanya mai sauƙi wadda mutane ba su cika sani ba. Masu bincike a Jami'ar Jojiya ta Amurka sun wallafa a 2005 cewa sun yi amfani da ƙaramar na'urar motsa tsoka, ba tare da keke ba, mutum yana zaune ana sa tsokar gaban cinya ta miƙe gwiwa, an ɗaura masa ɗan nauyi a idon sawu ana ƙara shi sannu a hankali, sau biyu a mako na mako 12, kuma tsokar ta ƙaru da fiye da kashi 30 cikin 100. Mutum biyar ne kawai a wannan bincike, amma an maimaita irinsa daga baya an ga sakamako mai kama da shi. Ku kai maigida sashen gashin ƙashi na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko Asibitin Ƙashi na Wamakko, a gwada ko tsokarsa tana amsa lantarki, a duba fatarsa da gaɓoɓinsa, a ɗauki hoton gwiwoyinsa kafin a ɗora musu kowane nauyi, tunda shekara biyu ta isa ƙashi ya yi laushi. Tunda kuma hannuwansa suna da ƙarfi, keken nan mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu, wanda masu walda suke ƙerawa a garin nan, zai yi wa zuciyarsa da tumbinsa aikin da ba a raina ba. Ƙa'idar da masana suka fitar ga masu raunin laka ita ce aƙalla minti 20 na motsa jiki mai sa numfashi ya ƙaru sau biyu a mako, tare da atisayen ƙarfafa tsokar da take aiki sau biyu, wanda kuma yake neman kariya daga ciwon suga da na zuciya ya kai minti 30 sau uku.

Domin ganin ko ana ci gaba, ki ajiye tef irin na tela. Sau ɗaya a wata, da safe kafin ya karya, ki auna kewayen cikinsa yana kwance bayan ya fitar da numfashi, ki kuma auna cinyarsa a wuri guda da kika yi wa alama sama da ƙoƙon gwiwa, ki rubuta. Idan wata rana ƙafa ɗaya ta kumbura ita kaɗai farat ɗaya, wannan ba tsoka ba ce, yana iya zama gudan jini a jijiya ko karaya da bai ji ba, a kai shi asibiti a ranar.

Tambaya: Likita, ni shan inna ce ta kama ni tun ina ɗan shekara uku, yanzu ina da 29, ina sana'ar ɗinki. Ƙafata ta dama ba ta da nama ko kaɗan, ta hagu da ɗan dama-dama. Wannan lantarki zai yi mini aiki? Daga wani mai karatu, Tambuwal.

Amsa: Malam, Allah ya yi wa sana'a albarka. A ƙafar dama da wuya ya yi, kuma dalilin yana cikin bambancin lalurarka da ta maigidan Hajiya ta Mabera. Faifan da ake mannawa ba tsoka yake tasarwa kai tsaye ba, jijiyar da ke shiga tsokar yake tasarwa, ita kuma ta isar da saƙon. Ƙwayar cutar shan inna tana kashe ainihin ƙwayoyin da ke cikin laka waɗanda waɗannan jijiyoyi suke fitowa daga gare su, sai jijiyar ta mutu har zuwa ƙarshenta, lantarkin ya rasa abin da zai kama. Haka abin yake ga wanda ya karye a can ƙasan baya, domin laka tana ƙarewa ne a wajen gaɓa ta ɗaya ko ta biyu ta ƙashin kwankwaso, abin da ke ƙasa da nan tarin jijiyoyi ne masu kama da jelar doki, idan su suka lalace ƙafar takan zama saɓa-saɓa, ba ta amsawa. Akwai alamar da kowa zai iya lura da ita a gida: ƙafar da take zabura ko take sandarewa da kanta idan an taɓa ta, galibi jijiyarta tana da rai. Likitoci a Biyana ta ƙasar Ostiriya sun ƙera na'ura ta musamman mai dogon bugu domin tsokar da ta rabu da jijiyarta, amma ta fi amfani a 'yan shekarun farko bayan rauni, kai kuwa shekara 26 ke nan.

Ƙafar hagu ita ce abin tattali. Jijiyoyin da suka tsira a cikinta sun daɗe suna ɗaukar aikin waɗanda suka mutu, kuma wahalar da su fiye da kima tana iya jawo sabon rauni da gajiya bayan shekaru. Ga shi kuma kai kana jin fatarka sarai, don haka ƙarfin lantarkin da mai tsinkakkiyar laka ba ya ji, kai zafi zai yi maka. Abin da ya shafe ka a duk bayanin da na yi a sama shi ne maganar kitse, domin tela ma zama yake yi, kuma kowane kilo da ka ƙara kafaɗunka da ƙafar hagu ne za su ɗauke shi.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni mai gyaran lantarki ne da haɗa sola. Yayana yana kwance shekara ɗaya bayan harbin bindiga a baya. Na ga yadda keken yake, ina ganin zan iya haɗa shi da batir da inbata da tsohon keke. Me ka gani? Daga wani mai karatu, Gidan Igwai.

Amsa: Injiniya, Allah ya saka da alheri a kan zumunci. Ƙarfen keken da fedar da abin ɗaure ƙafa kana iya ƙera su, har ma ina ba ka shawarar ka ƙera wa yayanka na hannu, wanda zai kafa a gaban kujerarsa ya riƙa juyawa. Lantarkin da zai shiga jikin mutum kuwa ka bar shi. Na'urar asibiti bugu take bayarwa wanda tsawonsa bai kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, tana juya alƙiblarsa a kowane bugu don kada ya ci fata, tana kuma da iyakar da ba ta wucewa, galibi miliamfiya 140 a kan keke. Wutar inbata ba ta san wannan ba, idan ta ratsa ƙirji tana iya tsayar da zuciya. Yayanka ba ya jin ƙuna, ba zai ce maka ka tsaya ba, kuma ƙunar da ta kai girman kwabo a mazaunansa tana iya zama gyambon da zai kwantar da shi wata da watanni. Ƙananan na'urorin tausa da ake tallatawa a intanet kuma yawancinsu don rage ciwo aka yi su, ba su da ƙarfin ɗaga shanyayyar cinya. Inda gwanintarka za ta yi rana shi ne ka haɗa masa solar da za ta riƙe fanka dare da rana, domin jikin mai raunin laka ba ya sanyaya kansa yadda ya kamata a ƙasa da raunin.

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara 19 ya faɗo daga bishiyar kuka wajen ɗibar ganye, ya karye a wuya. Hannuwansa suna ɗan motsi, ƙafafu babu. Wani lokaci kansa yana sara masa ƙwarai, fuskarsa ta jiƙe da gumi, musamman idan robar fitsari ta toshe. An ce mana a gwada masa lantarki a ƙafa. Babu haɗari? Daga wata uwa, Runjin Sambo.

Amsa: Inna, Allah ya ba shi lafiya. Abin da kika bayyana ya fi maganar keke gaggawa. Wanda rauninsa yake a wuya ko a saman baya, daga gaɓa ta shida ta ƙashin bayan ƙirji zuwa sama, wadda likitoci suke rubutawa T6, jikinsa yana mayar da martani mai tsanani ga duk abin da ya dame shi a ƙasa da raunin, ko da shi bai ji ba. Mafitsara ta cika, ko bayan gida ya taru, ko tufa ta matse, sai jijiyoyin jini su tsuke, jini ya hau nan take, ƙwaƙwalwa kuma ta kasa aika umarnin a sassauta saboda hanya a yanke take. Masu irin wannan rauni jininsu na yau da kullum ƙasa yake, saman awon yakan tsaya tsakanin 90 da 110, don haka ƙarin 20 zuwa 40 a kansa ya isa a ɗauke shi da muhimmanci, ko da awon ya yi kama da na mai lafiya. Idan abin ya taso, a zaunar da shi tsaye a sauke ƙafafunsa ƙasa, kada a kwantar da shi, a kwance duk abin da ya matse shi, a duba robar ko ta lanƙwashe ko ta toshe. Idan ciwon kan bai lafa ba cikin 'yan mintoci a garzaya asibiti, domin yana iya kai wa ga zubar jini a ƙwaƙwalwa. Ku sayi abin awon jini ku ajiye a ɗakinsa.

Lantarki a cinya yana cikin abubuwan da suke tayar da wannan. Hakan bai haramta masa shi ba, masu raunin wuya da yawa suna tuƙa keken, kuma suna cikin waɗanda suka fi bukatarsa tunda hannuwansu ba su isa su motsa zuciya sosai ba. Sharaɗin shi ne a fara a gaban likitan gashin ƙashi, da ƙaramin ƙarfi da 'yan mintoci, ana auna jini kafin a fara da lokacin da ake yi, bayan an tabbatar mafitsara babu komai. Ba a yi wa mai batirin zuciya, ko mai karayar da ba ta warke ba, ko mai gudan jini a ƙafa, ko mai farfaɗiyar da ba a shawo kanta ba, ko mace mai ciki, kuma ba a manna faifai a kan gyambo. Idan gwiwa ko ƙugu sun riga sun ƙage ba sa lanƙwasuwa, sai an fara sassauta su.

Yanayin Sakkwato ma sai an yi lissafinsa. Jikin ɗanki ba ya fitar da gumin sanyaya kai a ƙasa da wuya yadda ya kamata, a watannin Maris zuwa Mayu kuwa zafin garin nan yana haura digiri 40. A bazara atisaye ya kasance bayan sallar asuba ko bayan isha'i, a gaban fanka, da jiƙaƙƙen tawul a wuya da ruwan fesawa a kusa. Da hunturu kuma fata takan bushe ta yi kaushi, faifan ya ƙi kamawa daidai, lantarkin ya taru a wuri ɗaya, don haka a goge wurin da ruwa kafin a manna, a bar man shafawa sai an gama. Duk lokacin da aka cire faifan ki duba fatar da idonki a wuri mai haske, idan kika ga tabo ko canjin launi da bai ɓace ba bayan rabin sa'a, kada a sake mannawa a wurin sai likita ya gani.